Wa Ke Riƙe da Dokar Wasa?

Iyayenmu malamai, shugabannin fada-fada, masu gidajen gem, ƙanne da ƴaƴa da kuka cika wannan wuri, barkanku da zuwa. Na san akwai dattawan da suka ji taken laccar yau suka ce a ransu, duk abin da ke gabanmu, daga tsadar hatsi har zuwa rashin tsaro a bakin iyaka, sai maganar wasan yara? Ina roƙon su ba ni aron kunne. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma jihar Maradi tana cikin jihohin da suka fi yawan jama'a, domin ƙidayar 2012 ta ba ta mutum sama da miliyan 3 da dubu 400. Duk abin da ya cinye yammacin yara masu yawa haka, ya kuma shiga aljihunsu, ya cancanci manya su zauna su dube shi da idon basira.

Wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji, ya ratsa Tibiri da Maradi, ya wuce Cadawa da Aguie har Gazawa, zai riƙa cin karo da abu iri ɗaya a bakin kasuwa ko bayan tasha: rumfa ko ƙaramin shago, talabijin a kan tebur, benci cike da samari, biyu riƙe da manet, sauran suna jiran layi suna ba da shawarar da ba wanda ya tambaye su. Abin lura shi ne tsufan kayan. Na'urar PlayStation 2 ta fito a shekarar 2000, kamfanin Sony ya sayar da sama da miliyan 155, ya daina ƙera ta a farkon 2013, amma har yau ba ta bar irin waɗannan rumfuna ba. Wasan ƙwallo na kamfanin Konami, wanda wasu ke kira PES wasu ke kira Winning Eleven, ya shekara da shekaru yana mulki a cikinsu, kuma idan ka tambayi wanda ya haura shekara 30 wanne ne gwaninsa, da wuya bai ambaci PES 6 na 2006 ba. Har wanda ya mallaki babbar salula, sau da yawa za ka tarar ya sauke manhajar PPSSPP don ya buga tsohon wasa a sabuwar waya. Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce talauci: ba su da kuɗin sabo, shi ya sa suka riƙe tsoho. Wannan amsa tana da gaskiya, amma ba ta ƙare zancen ba, domin irin wannan bege yana nan a ƙasashen da kuɗin sabuwar na'ura bai dame su ba. Abin da nake son tabbatarwa yau shi ne cewa begen tsofaffin wasanni hukunci ne da masu wasa suka yanke. A tsohon wasa, dokar tana hannun mutanen da ke zaune a benci ɗaya. A sabon, ta koma hannun kamfanin da ke sayar da fifiko, yana kuma iya canza ta ko kashe wasan duk ranar da ya so.

Mu fara da abin da muka gada, saboda Bahaushe bai koyi daidaiton wasa daga Japan ba. Dara gurbi 30 ce a ƙasa, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12, wannan da kara wancan da tsakuwa. Ana fara zubi ɗaya bayan ɗaya, kuma a lokacin zubi ba a yarda ka jera uku ba, sai an gama sannan a fara tafiya, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Wannan hani na lokacin zubi aikin masu hankali ne, domin shi ke hana wanda ya fara ya gama da wasan tun ba a je ko'ina ba. Ƙananan dokokin suna ɗan bambanta daga gari zuwa gari, kuma wannan ma hujja ce a wurina: mutanen kowane gindin bishiya su ne suka daidaita tasu, su ne alƙalanta, in baƙo ya zo a faɗa masa yadda ake yi a nan kafin a zuba. Attajiri da mai tura kura in sun durƙusa a gaban gurbin, ƴaƴa 12 ne kowa. Ba a taɓa jin wanda ya ciro dala ashirin aka ƙara masa ɗa na 13 ba, kuma ranar da aka yi haka, ƴan kallo za su watse.

Gidan gem na zamanin faifai ya gaji wannan tsari ba tare da ya sani ba. Mai gida ya sayi na'ura da faifai sau ɗaya, daga nan duk abin da ke cikin wasan na kowa ne. Yaron da ya biya ƴan dalolinsa yana da Brazil da Inter da Arsenal daidai da ɗan alhajin da ya biya nasa. Sauran doka kuma ta benci ce: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa manet, a wani wurin wanda aka ci shi ke biya, minti kaza ne rabin lokaci, ba a dakatar da wasa ana tsakiyar hari. Ba kamfani ne ya rubuta waɗannan ba. Yara ne suka yi gardama har suka cim ma matsaya, kuma a ganina wannan gardamar tana cikin mafi amfanin abin da rumfar ta koyar da su.

A nan mai ja zai tsayar da ni, kuma yana da hujja mai ƙarfi. Zai ce, malam, kewa ce ke rufe maka ido, tsofaffin wasannin nan ba su da daidaito ko kaɗan. Wa ya manta Adriano na Inter a PES 6, wanda aka ba ƙarfin harbi 99, yana buga ƙwallo daga nesa mai tsaron gida yana kallo? Wa ya manta yadda ake ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba saboda gudu da ƙafar hagu? A Tekken 3 akwai Eddy Gordo, wanda sabon shiga zai riƙa danna maɓalli barkatai ya kayar da gwani. A gasannin Super Street Fighter II Turbo na Amurka sai da aka haramta ɗaukar Akuma saboda ya fi ƙarfin kowa. Wasannin yau kuwa, in aka ga wani ya yi ƙarfi fiye da kima, kamfani zai aiko da faci ta intanet ya rage masa. Duk wannan haka yake, ban musa ko ɗaya ba. Amma ku dubi irin rashin daidaiton. Adriano a fili yake, kowa ya san shi, kowa yana iya ɗaukarsa, kuma benci yana da maganinsa: a ce yau ba Inter, ko a ce gwani ya ɗauki ƙaramar ƙungiya ya bar wa ƙaninsa babba. Misalin Akuma ma nawa ne, ba na mai ja ba, domin masu gasa ne suka hana shi da bakinsu, ba su jira kamfanin Capcom ba. Karkatar da take a fili, take kuma ta kowa, jama'a suna iya miƙe ta. Wadda ba su da iko a kanta ita ce wadda aka ɗaura wa farashi.

Ga yadda aka ɗaura shi. A 2009 kamfanin EA ya shigo da sashen Ultimate Team cikin wasan FIFA, inda kake gina ƙungiyarka da katunan ƴan wasa, katunan kuma suna zuwa cikin ƙunshi a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Kana iya tara maki da gumin wasa, kana iya sa kuɗi ka gajarta hanya. A shekarar kuɗi ta 2021, wannan sashe a wasannin kamfanin ya kawo masa dala biliyan 1.62 na Amurka. Wanda ya ga irin wannan riba ba zai koma sayar da faifai kawai ba. A Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin wannan ƙunshin sa'a da ake saye da kuɗi caca ne a dokarta, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin FIFA a ƙasar. Malamanmu ba sa buƙatar Beljiyam ta koya musu hukuncin biyan kuɗi a kan abin da ba a san me zai fito ba, amma yana da kyau su san cewa abin yana cikin wayar ɗalibansu, sanye da rigar ƙwallon ƙafa. Konami kuwa ya yi watsi da sunan PES gaba ɗaya, ya fito da eFootball 2022 a ƙarshen Satumban 2021 a matsayin wasan kyauta. Fitowar ta yi muni har ya zama wasan da masu wasa suka fi kushewa a kasuwar Steam a lokacin, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. An gyara kura-kuran daga baya, amma tsarin ya zauna: shiga kyauta, ƙarfi da kuɗi ko da doguwar wahala, kuma zuciyar wasan tana buƙatar intanet.

Wannan buƙata ta intanet da wuta ita ce inda namu yanayin ya sha bamban da na Turai. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuma abin ya fi haka ƙasa nesa. Wutar da ke zuwa wannan yanki tana biyo layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, kuma kowa a nan ya tuna abin da ya faru a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta maido ba sai Maris 2024. Wasan da ke cikin faifai ba ya neman komai sai gurub ko batirin sola. Wasan da ransa ke cikin kwamfutar kamfani a wata nahiya yana neman caji, yana neman kuɗin intanet na Airtel ko Moov ko Zamani, yana neman rezo mai ƙarfi. Yaron Gangara ko Gidan Sori da ya shiga filin wasan harbi na Free Fire ko PUBG yana karawa ne da wanda saƙonsa ke isa kafin nasa, a wasan da ƙiftawar ido ke raba mai rai da gawa. Ba wani faci da zai daidaita wannan, kuma ba dokar benci da za ta kai can.

Mai ja na biyu ya fi na farko tausayi. Zai ce wasan kyauta ya buɗe ƙofa ga talaka: Free Fire, da kamfanin Garena ya fitar a 2017, an ƙera shi ne don ƙananan wayoyi, yaron da ba zai taɓa mallakar PlayStation ba yana buga shi, kuma yawancin abin da ake sayarwa a irin waɗannan wasanni ado ne, riga da fentin bindiga, ba ƙarfi ba. Zai ƙara da cewa kamfani ba gidan sadaka ba ne, dole ya ci riba, balle ma faifan da suka cika rumfunanmu galibi kwafi ne da ba a biya mai shi ko sisi ba. Na karɓi rabin wannan magana. Inda abin sayarwa ado ne tsantsa, ba ni da ƙara, wanda ya ga zai iya ya yi kwalliyarsa. Zancen kwafi ma gaskiya ne, kuma ba abin alfahari ba ne. Inda na tsaya shi ne wurin da kuɗi ke sayen abin da ke canza sakamako, da wurin da aka tsara wasan don ya riƙa kiran yaro kowace rana da kyautar da za ta wuce in bai leƙo ba. Mai rumfa yana karɓar kuɗinsa a fili, wasa ya ƙare, a tashi, in magariba ta yi ya kashe talabijin. Wasan da ke cikin aljihu ba shi da lokacin tashi, kuma ribar mai shi tana ƙaruwa ne daidai gwargwadon yadda yaron ya kasa ajiye shi. Cin riba halal ne, amma akwai bambanci tsakanin mai sayar maka da fili ka yi wasa da mai sayar wa abokin karawarka alƙali.

Yanzu sai zancen sabon zubi, wato kamfani ya ɗauko tsohon wasa ya sake ƙera shi da hoto mai kyau. Kamfanonin sun gane cewa bege kasuwa ne, kuma tarihin ƴan shekarun nan ya nuna abin da masoya ke karɓa da abin da suke tofarwa. A Janairun 2020 Blizzard ya fitar da Warcraft III: Reforged, sabon zubin wasan 2002. Laifinsa bai tsaya ga rashin cika alkawuran da aka yi ba: ya maye gurbin tsohon a kwamfutocin mutane, har waɗanda ba su sayi sabon ba suka rasa wasu abubuwan da suke da su. A Nuwamban 2021 Rockstar ya fitar da sabon zubin wasannin GTA uku, cikinsu har da San Andreas na 2004 da yaranmu suka sani sarai, bayan ya janye tsofaffin daga kasuwa. Sabon ya zo cike da kura-kurai, kamfanin ya nemi gafara, ya yi alkawarin maido da na asali ga masu kwamfuta. A ɗaya ɓangaren, Capcom ya sake ƙera Resident Evil 4 a 2023, ya canza abubuwa da yawa, masoya suka yaba, na 2005 kuma yana nan ga mai so. Mafi ƙarfin misali shi ne Old School RuneScape, wanda kamfanin Jagex na Ingila ya dawo da shi a 2013 daga ajiyar 2007, ya kuma sa doka cewa sabon abu ba zai shiga wasan ba sai masu wasa sun jefa ƙuri'a ya samu babban rinjaye, kashi 75 cikin ɗari a farkon tsarin. Wasan da hotonsa ya tsufa tun ranar da aka dawo da shi yana nan da ɗimbin jama'a fiye da shekara goma bayan haka. Da kyan hoto mutane ke bege, da wannan bai rayu ba. Da ƙin canji ne kawai, da Resident Evil 4 bai karɓu ba. Abin da ya raba waɗanda aka karɓa da waɗanda aka ƙi shi ne ko an bar wa masu wasa zaɓi da murya.

Mu a nan muna da namu sabon zubin da ya yi nasara, kuma a fagen kokowa yake. Kokowa wasan kaka ce ta dandalin ƙauye. A 1975, zamanin Seyni Kountché, gwamnati ta mai da ita gasar ƙasa, aka yi ta farko a Tawa, ɗan Maradi Yakuba Kantu ya zama zakara. An kawo fili mai shinge, alƙalai, agogo, rediyo da talabijin, yau jihohi 8 kowace tana kawo ƴan kokowa 10. Kusan komai na kewaye ya canza, amma abin da ke tsakiya bai motsa ba: mutum biyu, ƙasa ɗaya, wanda ya faɗi ya faɗi, a gaban idon kowa. Ƙarfin jiki ba ɗaya ba ne, wani ya fi wani nauyi, jama'a sun yarda da wannan domin suna ganinsa. Abin da ba za su taɓa yarda da shi ba shi ne a ce an sayi kaye, kuma ko raɗe-raɗin haka ya isa ya tayar da fili.

Akwai kuma batun mutuwar wasa, wanda masu faifai ba su san shi ba. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe kwamfutocin da ke riƙe da wasan mota The Crew, wanda ya fito a 2014, sai ya zama ko wanda ya saya da kuɗinsa ba ya iya buɗe shi. Abin ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025. Wani bincike na gidauniyar Video Game History Foundation a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. PES 6 kuwa yana raye ne saboda ba ya neman iznin kowa kafin ya tashi, kuma saboda masoya suna iya sa masa hannu. A Brazil masu Bomba Patch sun shekara da shekaru suna sabunta sunayen ƴan wasa da rigunansu a kan tsohuwar PlayStation 2, kuma irin wannan aikin ne ke sa ka ga ɗan wasan bana a cikin wasan da ya girmi mai buga shi. Yaron da ke zuba kuɗinsa yau a wasan intanet ya sani cewa haya yake yi, kuma ba shi zai faɗi ranar tashi ba.

Ba ina kiran a koma 2006 a zauna ba ne. Na'urorin nan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, idon da ke karanta faifai yana gajiya, kuma ƙannenmu za su buga wasan zamaninsu ko mun so ko mun ƙi. Rumfar ma ba aljanna ba ce: ta ci kuɗin aike, ta ci lokacin lakwal da na allo, kuma da wuya ka ga ƴa mace a bencinta. Abin da ya cancanci a cece shi daga cikinta shi ne al'adar cewa masu wasa su ke yanke dokarsu, a fili, kowa da abin da ɗan'uwansa ke da shi. Wannan kuwa ana iya ɗaukarsa a kai cikin sabon wasa. eFootball da EA Sports FC, wanda ya gaji FIFA tun 2023, duk suna da sashen da mutum biyu ke karawa a na'ura ɗaya da ƙungiyoyin da aka ba kowa, ba kati ba ƙunshi.

Don haka ina kira ga masu gidajen gem daga Gidan Rumji har Gazawa: ku rubuta dokar gidanku ku manna a bango, ku hana caca a kan sakamako, ku rufe lokacin makaranta da lokacin salla. Shugabannin fada, in za ku shirya gasa, ku shirya ta a kan ƙungiyoyin da kowa ke iya ɗauka, kada ku bari wanda ya sayi kati ya shigo da shi, kuma ku ajiye gurbin dara a gefe don yara su ga inda abin ya samo tushe. Iyaye da malamai, tambayar awa nawa yaro ya yi yana wasa ba ta isa ba, ku tambaye shi ko wasan yana sayar da ƙunshin da ba a san cikinsa ba, in ya ce e, ku hana shi sa ko dala ɗaya. Ku kuma samari da kuka iya sa wa tsohon PES sababbin riguna, hannun da ya iya wannan ya kama hanyar ƙera wasa: a Kamaru kamfanin Kiro'o Games ya fitar da nasa, Aurion, tun 2016. Dara da langa da kokowa suna nan suna jiran wanda zai sa su a waya da Hausa, yadda za su tashi ko ba rezo, ba tare da an sayar wa kowa ɗa na 13 ba.